Shirin Motar Farko a Ƙasar Tailan: Wa Ya Ci Moriya, Wa Ya Biya Bashi?

Ran 16 ga watan Satumba, 2011, makonni kaɗan bayan hawanta karagar mulki, gwamnatin Firayim Minista Yingluck Shinawatra ta ƙasar Tailan ta ƙaddamar da wani shiri wanda a ƙarƙashinsa duk ɗan ƙasar da ya sayi mota karo na farko a rayuwarsa za a mayar masa da harajin da aka ɗora wa motar, har zuwa baht 100,000 na kuɗin ƙasar, wato kimanin dala 3,200 a canjin wancan lokaci. Gwamnati ta yi ƙiyasin cewa mutum 500,000 ne za su shiga shirin, kuma abin da zai fita daga baitulmali ba zai wuce baht miliyan dubu 30 ba. Amma ya zuwa ran 31 ga watan Disamba, 2012, da aka rufe rajista, mutum wajen miliyan ɗaya da dubu 250 ne suka rubuta sunayensu, kuɗin kuwa ya ninka kusan sau uku.

Tun daga lokacin wannan shiri ya zama abin kafa hujja a duk muhawarar da ake yi game da mulkin dimokuraɗiyya a ƙasar. Masu suka suna cewa ga irin abin da ke faruwa idan aka bar 'yan siyasa suna zawarcin ƙuri'a da dukiyar jama'a. Magoya baya kuma suna cewa talaka ma yana da haƙƙin ya ɗanɗana arzikin da guminsa ya samar. Domin a gane inda gaskiya take tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu, wajibi ne a duba yadda sana'ar ƙera motoci ta kafu a Tailan, da yadda siyasar ƙasar ta rabu gida biyu, sa'an nan a bi sawun kuɗin a ga aljihun da suka shiga da wanda suka fito.

Yadda Tailan Ta Zama Maƙerar Motoci

Sana'ar harhaɗa motoci ta soma ne a Tailan a farkon shekarun 1960, lokacin da gwamnati ta yi wa kamfanonin waje rangwamen haraji domin su kafa masana'antu a cikin ƙasar maimakon su riƙa shigo da motoci da aka gama ƙerawa. Kamfanin Toyota ya kafa reshensa na Tailan a 1962, sauran kamfanonin Japan kamar su Nissan da Isuzu da Mitsubishi da Honda su ma suka kafa nasu. Daga baya hukuma ta tilasta wa kamfanonin yin amfani da wani kaso na kayayyakin da aka ƙera a gida, abin da ya haifar da ɗaruruwan ƙananan masana'antu masu yin kujeru da gilasai da tayoyi da sauran sassan mota. Bayan 1985, da darajar kuɗin Japan ta ɗaga har ƙera kaya a can ya yi tsada, jarin Japan ya kwararo zuwa gabar gabashin Tailan, musamman lardunan Chonburi da Rayong, inda aka gina babbar tashar jiragen ruwa ta Laem Chabang.

Abin da ya bambanta Tailan da maƙwabtanta shi ne ba ta nace wa ƙera mota mai sunan ƙasa ba kamar yadda Malesiya ta yi da Proton. Ta zaɓi nau'i guda ta fifita shi, wato motar a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya, wadda manomi zai loda wa shinkafa da rogo da safe, ya kwashi iyalinsa zuwa kasuwa da yamma. An sanya mata harajin kashi 3 cikin 100 kacal, alhali ƙananan motocin shiga suna biyan har kashi 30. Wannan gata ya sa a-kori-kura ta mamaye hanyoyin karkara, ya kuma ba kamfanoni kasuwa mai faɗin da za su dogara da ita.

A 1991 gwamnatin Anand Panyarachun, wadda sojoji suka naɗa bayan juyin mulkin watan Fabrairu na shekarar, ta ɗage takunkumin shigo da ƙananan motoci, ta kuma zabge kuɗin fito. Farashi ya sauko, ciniki ya buɗe, har a 1996 aka sayar da motoci kimanin 589,000 a cikin ƙasar. Sai dai mafi yawan wannan ciniki bisa bashi aka yi shi, bashin kuma daga kamfanonin ba da rance ne waɗanda su ma daga waje suka ranto da dala. Ran 2 ga watan Yuli, 1997, babban bankin ƙasar ya gaza ci gaba da kare darajar baht, ya sake ta ga kasuwa. Kuɗin da ake canzawa 25 a kan dala ɗaya ya kai wajen 56 a watan Janairu na 1998. An rufe kamfanonin rance 56, ƙasar ta karɓi agajin dala miliyan dubu 17 da 'yan kai a ƙarƙashin jagorancin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, cinikin motoci kuwa ya faɗo zuwa kimanin 144,000 a 1998, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka sayar shekara biyu kafin nan.

Wannan masifa ita ce ta juya akalar sana'ar. Da kasuwar gida ta mutu, kuɗin ƙasar kuma ya yi araha, kamfanoni suka mai da hankali ga fitar da motoci zuwa ƙetare. Gwamnati ta soke dokar tilasta amfani da kayan gida a farkon 2000, aka kuma bai wa baƙi damar mallakar masana'antu gaba ɗaya. Cikin 'yan shekaru Tailan ta zama cibiyar ƙera Toyota Hilux da Isuzu D-Max da ake kaiwa Ostareliya da Gabas ta Tsakiya da Afirka, har ake mata laƙabi da Ditiroyit ta Asiya, don kwatanta ta da birnin ƙera motoci na Amurka. Sana'ar ta kai ga samar da kimanin kashi 10 cikin 100 na dukkan abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara. Ke nan duk gwamnatin da ta taɓa harajin mota ta taɓa jijiyar ƙasa.

Ƙuri'ar Karkara da Zanga-zangar Birni

Tun 1932, shekarar da aka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko, sojojin Tailan sun yi nasarar juyin mulki fiye da sau goma, ya zuwa 2017 kuma ƙasar ta yi tsarin mulki har guda 20. Wani masanin siyasa na ƙasar, Anek Laothamatas, ya yi bayani a tsakiyar shekarun 1990 cewa dimokuraɗiyya iri biyu ce ke zaune a ƙasa ɗaya: mutanen karkara, waɗanda su ne mafi yawa, su ke zaɓen gwamnati, mutanen Bankok kuma, masu ilimi da kuɗi da jaridu, su ke kayar da ita. Har ma a watan Mayu na 1992, lokacin da mazauna babban birnin suka fito suka kori Janar Suchinda Kraprayoon daga mulki, jaridu sun yi wa masu zanga-zangar laƙabi da taron masu motoci da wayar hannu, domin a lokacin mallakar waɗannan abubuwa biyu ita ce alamar mutum ya shiga sahun masu rufin asiri.

Thaksin Shinawatra, attajirin da ya yi arziki a harkar sadarwa, shi ne ɗan siyasa na farko da ya mai da yawan mutanen karkara jari na dindindin. A zaɓen 2001 jam'iyyarsa ta Thai Rak Thai ta shiga yaƙin neman zaɓe da alkawura masu farashi a jiki: ganin likita a kan baht 30, da asusun baht miliyan ɗaya ga kowane ƙauye, da jinkirta wa manoma biyan bashi. Ya ci zaɓe, ya kuma cika alkawuran, aka sake zaɓensa da gagarumin rinjaye a 2005. Abokan hamayyarsa sun zarge shi da cin hanci da danne 'yan jarida da amfani da muƙami don amfanin kasuwancin iyalinsa, kuma ran 19 ga watan Satumba, 2006, sojoji suka hamɓarar da shi. Daga nan ƙasar ta rabu tsakanin masu rigar ɗorawa, waɗanda suka mamaye filayen jiragen saman Bankok a ƙarshen 2008, da masu jar riga, magoya bayan Thaksin, waɗanda zaman dirshan ɗinsu na 2010 ya ƙare da mutuwar mutum wajen 90.

Wannan rabuwa tana da tushe a rabon arziki. Wani rahoto na Bankin Duniya da ya fito a 2012 ya nuna cewa Bankok, mai kashi 17 cikin 100 na jama'ar ƙasar, tana samun fiye da kashi 70 na kuɗin da gwamnati ke kashewa, yayin da yankin arewa maso gabas da ake kira Isan, mai kashi ɗaya cikin uku na jama'a, yake samun kimanin kashi 6. Saboda haka mutumin Isan ba ya ganin alkawarin ɗan siyasa a matsayin toshiya, yana ganinsa ne a matsayin biyan wani tsohon bashi.

A cikin wannan yanayi ne Yingluck, ƙanwar Thaksin, ta jagoranci jam'iyyar Pheu Thai a zaɓen ran 3 ga watan Yuli, 2011, inda ta sami kujeru 265 daga cikin 500 na Majalisar Wakilai. Alkawuranta sun haɗa da mafi ƙarancin lada na baht 300 a yini, da albashin farawa na baht 15,000 a wata ga masu digiri, da sayen shinkafa daga manoma a kan baht 15,000 kowane tan, da rangwame ga mai sayen gida na farko da mota ta farko.

Sharuɗɗan Shirin da Yadda Ya Gudana

Sharuɗɗan ba su da wuyar fahimta. Dole mai saye ya kai shekara 21 da haihuwa, kuma bai taɓa mallakar mota da sunansa ba. Dole motar ta zama ƙirar Tailan ce, farashinta bai wuce baht miliyan ɗaya ba, idan kuma ƙaramar motar shiga ce kada injinta ya wuce 1,500 cc. Ba a yarda ya sayar da ita ba sai bayan shekara biyar. Kuɗin harajin kuwa ba a rage shi daga farashi a ranar saye, sai motar ta shekara a hannunsa sa'an nan a mayar masa.

Shirin bai daɗe da somawa ba sai ambaliyar ruwa mafi muni cikin shekaru da dama ta auka wa tsakiyar ƙasar a watan Oktoba na 2011. Mutum fiye da 800 suka rasu, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta asarar a kan dala miliyan dubu 45. Ruwa ya shanye unguwannin masana'antu a lardin Ayutthaya, masana'antar Honda da ke can ta yi kusan wata shida a rufe, har kamfanin ya farfasa sababbin motoci fiye da 1,000 da ruwa ya lalata. Daga nan alkawarin siyasa ya sami sabuwar hujja, wato farfaɗo da masana'antu.

Ta wannan fuska shirin ya yi aiki fiye da yadda aka zata. A 2011 an sayar da motoci kimanin 794,000 a cikin ƙasar. A 2012 adadin ya haura miliyan ɗaya da dubu 430. Masana'antu, waɗanda suka ƙera motoci miliyan ɗaya da dubu 460 a shekarar ambaliya, sun ƙera miliyan biyu da dubu 450 a 2012, Tailan ta shiga jerin manyan ƙasashe goma masu ƙera motoci a duniya, tattalin arzikinta kuma ya bunƙasa da fiye da kashi 6 cikin 100. Kamfanoni sun ƙara ma'aikata, sun faɗaɗa masana'antu, masu saye suna jiran watanni kafin a miƙa musu makulli.

Sai dai kuma bayan rufe rajista al'amarin ya juya. A 2013, duk da cewa ana ci gaba da miƙa motocin da aka riga aka yi oda, ciniki ya sauka zuwa miliyan ɗaya da dubu 330. A 2014 ya faɗo zuwa kimanin 882,000, a 2015 kimanin 800,000, a 2016 kimanin 769,000, wato ƙasa da na shekarar ambaliya. Dubban waɗanda suka yi rajista sun janye ba su karɓi motar ba, wasu kuma sun karɓa sun kasa biya har kamfanonin rance suka ƙwace. Dillalai suka shiga karya farashi domin su rabu da motocin da suka cika musu fili, farashin motocin hannu ya rushe, wanda ya jawo wa masu ba da rance asara a duk motar da suka ƙwato suka yi gwanjonta. Kasuwa ba ta sake kaiwa miliyan ɗaya ba sai a 2018, bayan wa'adin shekara biyar na hana sayarwa ya cika.

Dalilin wannan faɗuwa ba ɓoyayye ba ne. Mota kaya ce da iyali ke saye sau ɗaya cikin shekaru masu yawa. Idan gwamnati ta sanya rangwame mai wa'adi, duk wanda ke da niyyar saye baɗi ko baɗin-baɗaɗa zai gaggauta ya saya bana domin kada damar ta wuce shi. Ke nan babban kaso na cinikin 2012 ciniki ne na shekarun gaba da aka jawo shi baya, kamar manomin da ya cinye irin shukarsa da rani. Ragowar kuwa ya fito ne daga mutanen da da ma ƙarfinsu bai kai su sayi mota ba, rangwamen ne ya ruɗe su.

Alal misali, a ɗauki matashi mai digiri da ke karɓar baht 15,000 a wata, ya sayi mota ta baht 500,000. Idan ya ba da 100,000 kafin alƙalami, aka raba masa sauran 400,000 zuwa wata 60, zai riƙa biyan kusan baht 6,700 kowane wata, ban da kuɗin ruwa. A haɗa da mai da inshora da gyara, fiye da rabin albashinsa ya tafi. Rangwamen gwamnati sau ɗaya zai zo, bayan shekara, amma takardar biya kowane wata take zuwa har sau sittin. Hausawa na cewa cin bashi da daɗi, ranar biya ake jin jiki. Bashin da ke kan iyalai a Tailan, wanda yake kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara a 2010, ya kai kimanin kashi 80 a 2014. Ba mota kaɗai ce ta jawo haka ba, akwai bashin gidaje da na gyaran ɓarnar ambaliya, amma bashin mota na daga cikin waɗanda suka fi saurin hauhawa a wannan tsakani.

Wa Ya Ci Moriya?

A nan ne lissafi ya saɓa wa abin da ɓangarorin biyu suka saba faɗi. Tun da abin da ake mayarwa shi ne harajin da ke kan motar, yawansa ya dogara ne ga nau'in motar. Wanda ya sayi mota mai injin 1,500 cc irin su Toyota Vios ko Honda City, masu haraji mai nauyi, shi ne ya sami cikakken baht 100,000 ko kusa da haka. Wanda ya sayi ƙaramar mota mai tsimin mai, wadda harajinta kashi 17 ne, ya sami ƙasa da haka. Manomin da ya sayi a-kori-kura mai harajin kashi 3 kuwa, abin da ya dawo masa bai taka kara ya karya ba, domin kashi 3 na baht 500,000 bai wuce 15,000 ba. Bugu da ƙari, sai mai takardar albashi ko wata shaida ta samun kuɗi a kai a kai kamfanin rance ke amince wa.

Saboda haka shirin da aka yi ta suka a matsayin sayen ƙuri'un talakawan karkara, mafi tsokarsa ta faɗa ne hannun ma'aikatan ofis da ƙananan 'yan kasuwa na birane, har da na Bankok, cibiyar masu adawa da gwamnatin, inda sababbin motocin suka ƙara wa cunkoson hanyoyi nauyi. Leburan da ke karɓar baht 300 a yini sai ya yi aikin kwana 333 kafin ya tara abin da aka mayar wa mai Vios, kuma shi ma yana cikin masu biyan harajin saye da sayarwa da ke cike giɓin baitulmali. Sauran waɗanda suka ci moriya su ne kamfanonin ƙera motoci, waɗanda mafi yawansu na Japan ne, ko da yake su ma sun ɗanɗana kuɗarsu daga baya, da masana'antun da suka faɗaɗa suka rasa masu saye.

Shirin da ya shafi karkara kai tsaye shi ne na shinkafa, kuma shi ne ya fi tsada nesa ba kusa ba. Gwamnati ta sayi shinkafa a farashin da ya ɗara na kasuwa sosai, ta jibge ta a rumbuna da fatan farashin duniya zai tashi. Bai tashi ba, domin Indiya ta dawo kasuwa da ƙarfi, ta kuma ƙwace matsayin ta ɗaya a fitar da shinkafa a 2012, har manyan masu sayen shinkafar Tailan a Afirka, ciki har da 'yan kasuwar Nijeriya, suka karkata zuwa gare ta. Ma'aikatar Kuɗi ta ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fiye da baht miliyan dubu 500, wato ninki biyar da ɗoriya na kuɗin shirin mota.

Ra'ayoyi Biyu da Abin da Ya Biyo Baya

Masu adawa, ƙarƙashin jagorancin Suthep Thaugsuban, sun fito kan titunan Bankok daga watan Nuwamba na 2013. Abin da ya tunzura su shi ne wata dokar afuwa da ake ganin za ta share wa Thaksin hanyar dawowa gida, amma shinkafa da mota sun zama manyan hujjojinsu. Matsayinsu shi ne zaɓe ba shi da amfani muddin ana iya sayen masu zaɓe da alkawura, don haka a yi gyara tukuna kafin a koma rumfunan zaɓe. Magoya bayan gwamnati kuma sun amsa da cewa cika alkawarin da aka yi a bainar jama'a shi ne ainihin dimokuraɗiyya, kuma wanda bai gamsu ba yana da ƙuri'arsa.

An hana zaɓen ran 2 ga watan Fabrairu, 2014, gudana a wurare da yawa, daga bisani Kotun Tsarin Mulki ta soke shi. Ran 7 ga watan Mayu kotun ta tuɓe Yingluck saboda canja wa wani babban jami'in tsaro wurin aiki, ran 22 ga wata kuma Janar Prayut Chan-o-cha ya karɓe mulki. A 2017 Yingluck ta fice daga ƙasar, aka yanke mata hukuncin ɗaurin shekara biyar a bayan idonta bisa sakaci a shirin shinkafa. Dokar jam'iyyu ta wannan shekara ta wajabta wa kowace jam'iyya ta bayyana wa hukumar zaɓe nawa alkawuranta za su ci da inda za ta samo kuɗin.

Abin lura shi ne gwamnatocin da ba su fito daga akwatin zaɓe ba, su ma ba su taɓa janye hannu daga kasuwar mota ba. Gwamnatin da sojoji suka naɗa ce ta sassauta shigo da motoci a 1991. Wata irinta ce, ta Janar Surayud Chulanont, ta fito da rangwamen ƙananan motoci masu tsimin mai a 2007, waɗanda daga baya suka cika shirin Yingluck. Gwamnatin Prayut kuwa ta fito da katin tallafi ga masu ƙaramin ƙarfi a 2017, kuma a 2022, bayan ya zarce a kan mulki ta zaɓen 2019 tare da goyon bayan 'yan Majalisar Dattawa 250 da sojoji suka naɗa, gwamnatinsa ta amince da tallafin har baht 150,000 ga kowace mota mai aiki da lantarki, adadin da ya zarce na shirin motar farko. Bambancin kawai shi ne wannan karon kuɗin ta hannun kamfanoni suka bi, bisa sharaɗin za su kafa masana'antu a ƙasar.

Sakamakon ma ya yi kama. Motocin lantarki da aka yi wa rajista sun tashi daga ƙasa da 10,000 a 2022 zuwa kimanin 76,000 a 2023, mafi yawansu ƙirar ƙasar Sin. Kamfanin BYD ya buɗe masana'antarsa a Rayong a watan Yuli na 2024, a daidai lokacin da gasar karya farashi ta fusata waɗanda suka riga suka saya da tsada. A shekarar ce kuma kamfanonin Suzuki da Subaru suka ba da sanarwar dakatar da ƙera motoci a ƙasar. Da yake bashin iyalai ya kai kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa, bankuna suka tsananta sharuɗɗan rance, musamman ga masu neman a-kori-kura. Motocin da aka sayar a 2024 ba su wuce 573,000 ba, adadi mafi ƙanƙanta tun 2009, kuma ƙasa da na 1996.

A fagen siyasa ma zani ba ta canja ba. Jam'iyyar matasa ta Move Forward ta zo ta ɗaya a zaɓen watan Mayu na 2023 da kujeru 151, amma naɗaɗɗun 'yan Majalisar Dattawa suka hana shugabanta Pita Limjaroenrat zama Firayim Minista, kotu kuma ta rushe jam'iyyar a watan Agusta na 2024. Pheu Thai, wadda ta kafa gwamnati a madadinta, ta zo ne da alkawarin raba wa jama'a baht 10,000 kowannensu. Kotun Tsarin Mulki ta tuɓe Firayim Ministocinta biyu a jere, Srettha Thavisin a 2024 da Paetongtarn Shinawatra, 'yar Thaksin, a 2025.

Darasin da Ke Ciki

Masu sukar shirin motar farko sun yi gaskiya ta fuskar lissafi. Shiri ne da ya ci ninki uku na abin da aka ƙiyasta, ya jawo cinikin gobe zuwa yau, ya bar iyalai da bashi, ya kuma fi amfanar waɗanda ba su ne mafi bukata ba. Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne wurin magani. Tarihin kasuwar mota a Tailan daga 1991 zuwa 2024 ya nuna cewa kowace irin gwamnati, zaɓaɓɓiya ko naɗaɗɗiya, tana amfani da harajin mota don cim ma bukatunta, kuma kowacce tana iya yin kuskure a lissafi. Juyin mulkin 2014 bai rage bashin iyalai ba, bai kuma kawo ƙarshen rabon tallafi ba. Abin da ya rage kawai shi ne ikon mai biyan haraji na ya tambayi wanda ya kashe kuɗinsa, ya kuma sallame shi a ranar zaɓe idan bai gamsu da amsar ba. An yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Ga masu tsara manufofin tattalin arziki a ko'ina, akwai tambayoyi uku da ya kamata a amsa kafin a sanya hannu a kan irin wannan shiri. Ta farko, an ƙayyade iyakar abin da baitulmali zai biya, ko an bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya zo? Ta biyu, mutum nawa ne daga cikin masu cin moriyar za su sayi kayan ko da babu rangwame? Ta uku, wane ne zai ɗauki nauyin bashin idan albashi ya gaza? Gwamnatin Tailan ta 2011 ba ta amsa ko ɗaya daga cikinsu ba kafin ta buɗe rajista, masu zaɓe kuma ba a ba su damar yi mata hisabi a kan haka ba, domin sojoji sun riga su isa wurin.